Wakilin Zaɓe a Amurka da Dokar da Ta Ɗaure Masa Hannu

Mutumin Amurka da ya kaɗa ƙuri'a a watan Nuwamba ba shugaban ƙasa yake zaɓa kai tsaye ba. Wakilai yake zaɓa, su 538, waɗanda ke zama a jihohinsu cikin Disamba su jefa ƙuri'ar da ke naɗa shugaba, kuma sai ɗan takara ya samu 270 ya ci. To, idan wakilin ya saɓa alkawari fa? An gani a 2016, sa'ad da wakilai bakwai suka ba wasu mutane daban ƙuri'unsu. Huɗu daga cikinsu 'yan jihar Washinton ne, inda Hillary Clinton ta yi nasara, kuma uku suka zaɓi Colin Powell, wanda ko takara bai tsaya ba. Jihar ta ci su tarar dala 1,000 kowanne, magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda a ranar 6 ga Yuli 2020 alƙalanta suka yanke baki ɗaya cewa jiha na da hurumin tilasta wa wakilinta bin zaɓin jama'arta.

Hukuncin ya yi daidai. Masu suka suna kafa hujja da Alexander Hamilton, wanda a 1788 ya so wakilan su zama masu hangen nesa da za su auna 'yan takara da kansu. Amma wannan buri bai daɗe ba jam'iyyu suka binne shi. A yau jam'iyya ce ke tsamo wakilai daga amintattunta, yawancin jihohi ko sunansu ba sa bugawa a takardar ƙuri'a. Wanda ba a san sunansa ba, wa ya ba shi amanar yin tunani a madadin miliyoyi? Matsayinsa na wakilin ango ne a wurin ɗaurin aure: ba shi da ikon karɓo auren wata daban don ya ga ta fi kyan hali. Ga kuma haɗarin: a 2000 George Bush da ƙuri'a 271 ya ci, da mutum biyu kacal sun zame, da zaɓen ya koma hannun Majalisar Wakilai.

Akwai suka mai nauyi guda. A 1872 ɗan takara Horace Greeley ya mutu bayan zaɓe, kafin wakilai su zauna, kuma dokar da ba ta tanadi irin wannan ba za ta ɗaure mutane ga gawa. Wannan gyaran rubutu yake buƙata, bai isa dalilin sakin wakilai su yi yadda suka ga dama ba.

Raunin gaske yana wajen horo. Jihohi sama da 30 suna da dokar ɗaure wakilai, amma da yawa alkawari kawai suke karɓa ba tare da horo ba, tara kuwa mai kuɗi zai biya da murmushi bayan ƙuri'ar ta riga ta shiga lissafi. Abin da ke aiki shi ne soke ƙuri'ar nan take a sauya wakilin, kamar yadda Kolorado ta yi a 2016, kuma Washinton da kanta ta koma wannan tsari a 2019.