Shanyewar ɓarin jiki: me ya sa wata ke miƙewa da wuri, wata ta daɗe?

Da wuya a samu ƙungiyar asusu da ciwon nan bai shiga gidan ɗaya daga cikinmu ba. Kuma mun sha jin ana ce wa mai jinya: "Wance fa wata biyu ta miƙe, ke kin ƙi yin ƙoƙari." Ƴan'uwa, wannan magana babu adalci a cikinta.

Ciwon yana zuwa ne in jijiyar jini ta toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini ne babban mai jawo shi. Ita ƙwaƙwalwa kamar kasuwa take, kowane layi da hajarsa. In gobara ta tashi, asarar tana bin layin da wuta ta ci.

Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya damar jiki, kuma ga yawancin mutane a nan magana take. Tun 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya nuna wurin da in ya lalace mutum yana gane abin da ake faɗi amma kalma ta ƙi fita. In kuma can baya kaɗan ne, magana tana zuba amma ba kai ba gindi, mai ita ma ba ta gane ta mutane sosai. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma iskoki ba.

In ɓangaren dama ne, hagun jiki ke mutuwa. Baki yakan tsira, amma wata sai ta manta da hagunta ƙwata-ƙwata: ta ci rabin tuwon da ke kwano ta bar rabi, ko ta ce lafiyarta lau, ta yunƙura ta faɗi. Irin wannan a riƙa juyo da hankalinta hagu, kada a bar ta ita kaɗai kusa da murhu.

In wajen ƙeya ne, jiri da tangaɗi ke damun ta. In gindin ƙwaƙwalwa ne, inda ta haɗu da laka, haɗiya da numfashi ke shiga haɗari. Kada a ɗura mata ruwa ko kunu tana kwance, don zai iya bin hanyar huhu.

Sau da yawa ƙafa tana riga hannu dawowa, yatsu su ne na ƙarshe. Mafi yawan sauƙi yana zuwa cikin wata 3 zuwa 6 na farko, in ana motsa jiki kullum yadda likita ya nuna.

To, mu mene ne namu? Da baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a fiddo kuɗin mota daga asusun taimako nan take, kada a jira ranar zubi. Hoton kai a babban asibiti shi ke nuna wurin, ya kuma bambance toshewa da fashewa, don maganinsu ba ɗaya ba ne.

Sannan wadda bakinta ya ɗaure, kuɗinta na akwati nata ne. A tambaye ta a hankali, tambaya ɗaya ɗaya, ta amsa da kai ko da hannu. Kada a yanke komai a kan rabonta a bayan idonta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.