Dogon Burodin Faransa a Teburin Mai Shayin Tasawa

Duk matafiyin da ya bi babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ya yada zango a Tasawa, to ya ci abincin Faransa ko bai sani ba. Ba gidan abinci mai kuku da farar hula nake nufi ba. Teburin mai shayi na bakin tasha nake nufi, inda ake tsaga dogon burodi a cusa masa wainar ƙwai.

Faransawa sun shigo ƙasar nan ta Nijar da wuta a 1899, kaburburan jagororinsu Voulet da Chanoine na nan a Maijirgi. Mulkinsu ya ƙare a 1960, burodinsu kuwa ya yi zamansa. Har yau shi ke nuna maka iyaka: kana tsallakawa Katsina sai burodi mai laushi da zaƙi, namu kuwa dogo ne mai ɓawo, in ya kwana sai an tsoma shi a shayi.

Can Faransa, tun 1993 doka ta ƙayyade abin da ake kwaɓa burodin gargajiya da shi: fulawa, ruwa, gishiri da yis. A 2022 UNESCO ta sa sana'ar gasa shi cikin al'adun duniya. Wainar ƙwansu kuma da man shanu ake yi, a sauke ta da ɗan ruwa-ruwa a ciki. Kai wa direban Mayahi irin wannan ka sha kallo, cewa zai yi ba ta nuna ba! Tamu sai ta soyu jawur a man gyaɗa, da albasar Galmi da attarugu da dunƙulen Maggi, a shafe burodin da mayonez. Da damina kuwa, in zabi suka fara zuba, ƙwan zabi ake fasawa, kuma ni a bakina babu wainar da ta kamo wannan.

Haka ragu, romon nama da dankali na Faransawa. Masu tuwo-tuwonmu sun sa masa doyar Najeriya da tumatir da yaji.

Sai dai alkamar burodin ba tamu ba ce. Jigawar Mayahi gero da wake take bayarwa, fulawa daga waje ake shigo da ita, da tsadarta. Shi ya sa burodi ya tsaya abincin direba da ɗan makaranta da ma'aikaci, manomi kuwa da furarsa yake fita gona.