YAƘIN IRAƘI: Waɗanda Aka Ƙidaya Da Waɗanda Ba A Ƙidaya Ba

Ran 18 ga watan Afrilu na shekarar 2004, jaridar Seattle Times ta ƙasar Amurka ta buga wani hoto a shafinta na farko wanda ya ta da ƙura ƙwarai. Hoton cikin wani babban jirgin sama ne na ɗaukar kaya a filin jirgin Kuwait, an jera akwatunan gawa sahu sahu, kowanne an lulluɓe shi da tutar Amurka. Wata mata ce mai aiki a kamfanin da ke yi wa soja lodi ta ɗauki hoton. Kafin mako ya kewayo an sallame ta daga aiki, har da mijinta.

Laifinta kuwa shi ne, tun cikin 1991, zamanin yaƙin ƙwato Kuwait, Ma'aikatar Tsaron Amurka ta hana 'yan jarida ɗaukar hoton gawawwakin soja in ana komowa da su gida, musamman a sansanin mayaƙan sama na Dover, inda babban ɗakin ajiye gawa na sojan ƙasar yake. Hukuma ta ce don tsare mutuncin iyalan mamata ta yi haka. Masu suka kuwa suka ce tsoron abin da ya auku a zamanin yaƙin Biyetnam ne, sa'ad da ganin gawawwaki a talabijin kullum ya sa jama'a suka juya wa yaƙin baya. Ba a ɗage wannan doka ba sai a 2009, shi ma da sharaɗin sai iyalin mamaci sun yarda.

Duk da ɓoye hoto, Amurka ba ta ɓoye adadin sojanta da suka mutu ba. Ana sanar da sunan kowa, da muƙaminsa, da shekarunsa, da garinsu. An shiga Iraƙi ran 20 ga Maris, 2003, bisa zargin cewa Saddam Husaini ya tara makaman ƙare dangi, zargin da bincike ya nuna daga baya ba shi da tushe. Ran 1 ga Mayu na shekarar, Shugaba George W. Bush ya tsaya a kan wani jirgin ruwan yaƙi ya ce an gama manyan fafatawa. A ran nan sojan Amurka da suka mutu ba su kai 150 ba. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Cikin watan Nuwamba na 2004 kaɗai, watan da aka yi gumurzun Falluja, an kashe 137. Shekarar 2007 ta ci kimanin 900. Sa'ad da ayarin ƙarshe ya ƙetare iyaka zuwa Kuwait ran 18 ga Disamba, 2011, matattu sun kusa 4,500. Ingila kuma ta yi hasarar soja 179.

Mai karatu zai iya cewa wannan adadi ai kaɗan ne ga yaƙin da ya ɗauki kusan shekara tara, tun da yake Biyetnam ta ci sojan Amurka fiye da 58,000. Gaskiya ne, amma akwai dalili, kuma a cikin dalilin nan ne babbar hasarar take kwance.

Wani likita mai suna Atul Gawande ya yi lissafi a ƙarshen 2004, ya nuna cewa a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin kowane soja 100 na Amurka da aka raunata, kimanin 30 ke mutuwa. A Biyetnam 24 ne. A Iraƙi da Afganistan kuwa adadin ya sauko zuwa 10. Sojan wannan zamani yana sanye da sulke mai tare ƙirji da ciki, da kwalkwali mai ƙarfi. In ya faɗi, 'yan uwansa za su ɗaure masa ƙafa ko hannu tamau don jini ya tsaya, jirgi mai saukar ungulu ya sure shi zuwa ga likitocin fiɗa da ke bin runduna a baya. Daga nan sai babban asibitin Balad a arewa da Bagadaza, sai Landstuhl a ƙasar Jamus, sai Amurka. Tafiyar da kan ɗauki kwana 45 a zamanin Biyetnam ta koma ba ta cika kwana huɗu ba.

To, amma sulke ba ya rufe ƙafa, ba ya rufe hannu, ba ya rufe fuska. Makamin da ya fi yi wa sojan Amurka ɓarna kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne, tsofaffin harsasan igwa ne da aka kwasa daga rumbunan sojan Saddam, a haɗa su da waya a binne gefen hanya, ko a cusa cikin tarin shara ko mushen dabba, mai tayarwa yana can nesa yana jiran ayarin motoci. In nakiyar ta tashi ƙarƙashin mota, ƙirji ya tsira, ƙafafu su tafi. Saboda haka mutanen da a yaƙe-yaƙen dā da sun cika nan take, sai ga su an komo da su gida da rai, wani ba ƙafa biyu, wani ba ido, wani wuta ta cinye masa fuska har uwar da ta haife shi sai ta duba sau biyu. Waɗanda aka raunata a fagen fama a Iraƙi sun haura 32,000. Waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa a Iraƙi da Afganistan sun wuce 1,500. Yawancinsu samari ne 'yan shekara ashirin da wani abu, watau akwai jinyar shekara arba'in ko hamsin a gabansu, kuma galibi mace ce ko tsohuwar uwa za ta ajiye aikinta ta zauna jinyar.

Abin takaici, ƙasar da ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan soja ta tura yaranta cikin motoci marasa kariya. A watan Disamba na 2004, a wani sansani a Kuwait, wani ƙaramin soja ya miƙe a gaban Sakataren Tsaro Donald Rumsfeld, ya tambaye shi don me sai sun tona juji suna neman ruɓaɓɓun ƙarafa da za su manna wa motocinsu. Amsar da Rumsfeld ya bayar ita ce, da rundunar da ke hannu ake zuwa yaƙi, ba da wadda ake fatan samu ba. A cikin watan nan ne kuma asiri ya tonu cewa takardun ta'aziyya da ake aika wa iyalan mamata da sunansa, inji ne ke sa musu hannu.

Jinyar ma ba ta tsira daga sakaci ba. A watan Fabrairu na 2007 jaridar Washington Post ta fallasa halin da raunanan soja ke ciki a wani gini na asibitin soja na Walter Reed, a babban birnin ƙasar: ɗakuna da ɓeraye da kyankyasai, bango ya yi funfuna, ga soja masu rauni a ka an bar su suna yawo ofis ofis suna neman takardunsu da suka ɓace. Aka tuɓe Janar ɗin da ke shugabancin asibitin, Sakataren Rundunar Sojan Ƙasa kuma ya ajiye aiki.

Akwai kuma raunin da ido ba ya gani. Ƙarfin tashin nakiya kan girgiza ƙwaƙwalwa ko da fata ba ta tsage ba, mutum ya koma gida da mantuwa da ciwon kai da saurin fushi. Ga kuma ciwon firgita, wanda ke hana mai shi barci, ya riƙa zabura in an buga ƙofa, ya kasa tuƙa mota kusa da tarin shara. Cibiyar bincike ta RAND ta ƙiyasta a 2008 cewa cikin soja wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari shida da aka tura Iraƙi da Afganistan, kimanin 300,000 na fama da wannan ciwo ko matsanancin baƙin ciki. Da yake Amurka ba ta tilasta wa kowa shiga soja ba a wannan karo, waɗanda ke ciki su aka yi ta maimaitawa, wani sau uku, wani sau huɗu, har a 2007 aka tsawaita zaman sojan ƙasa zuwa wata 15. Wani bincike na Jami'ar Brown a 2021 ya ƙiyasta cewa soja da tsofaffin soja na yaƙe-yaƙen bayan 2001 da suka kashe kansu sun haura 30,000, alhali waɗanda suka mutu a fagen yaƙe-yaƙen duka ba su wuce 7,000 da 'yan kai ba. Ba kowane ɗaya cikinsu ne za a ɗora wa yaƙi alhakinsa ba, amma mafi yawansu ba a sa su cikin 4,500 ɗin nan ba.

Haka nan babu 'yan kwangila a ciki. Rundunar Amurka ta dogara ga dubban ma'aikata na kamfanoni don dafa abinci, da wanki, da tuƙa manyan motoci, da gadin sansani, kuma da yawansu talakawan ƙasashe ne masu neman abin sawa a baka. 'Yan Yuganda dubbai sun yi gadi a can. A watan Agusta na 2004 aka sace 'yan ƙasar Nepal 12 a kan hanyarsu ta zuwa aiki a wani sansani, aka kashe su duka. Iyalin sojan Amurka da ya mutu a bakin daga na karɓar dala 100,000 nan take tun daga 2005, ban da inshora da fansho. Iyalin direba ko kuku daga Asiya ko Afirka kuwa sai abin da hali ya yi.

Sa'an nan ga masu ƙasa, mutanen Iraƙi, waɗanda a gidajensu da kasuwanninsu da masallatansu aka yi yaƙin. Har yau ba a daidaita a kan yawan waɗanda suka mutu ba. Ƙungiyar Iraq Body Count, wadda ke tattara abin da jaridu da asibitoci suka tabbatar kaɗai, ta lissafta farar hula fiye da 100,000 zuwa 2011. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2006, wanda aka bi gida gida ana tambaya, ya ƙiyasta mutum 655,000, ko da yake an yi ta gardama a kansa. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce zuwa 2007 fiye da mutum miliyan huɗu sun bar gidajensu, kusan rabinsu sun tsallaka zuwa Sham da Jodan da sauran maƙwabta.

Janar Tommy Franks, wanda ya jagoranci mamayar, ya taɓa faɗa wa 'yan jarida a 2002, yana magana a kan Afganistan, cewa su ba sa ƙidaya gawawwaki. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin manufar rundunar a Iraƙi ma. Sai a watan Oktoba na 2010 WikiLeaks ta saki takardun sirri na rundunar kusan 400,000, rahotannin da soja ke rubutawa kullum daga 2004 zuwa 2009. Da aka tattara su sai ga mutuwar mutum 109,032 a rubuce, kowace da ranarta da wurinta, 66,081 daga ciki an rubuta su a matsayin farar hula.