3.4 Zaɓen Adireshi Ga Sabobin Cikin Gida

A wannan sashe za a duba irin adireshin da ya dace a bai wa saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutocin ma'aikata hidima. Adireshi iri biyu ne. Akwai na fili, wanda ba mai irinsa a duk faɗin intanet. Akwai kuma na gida, wanda ba ya aiki sai a cikin ma'aikata.

Asalin wannan rarrabuwa shi ne ƙarancin adireshi. Tsarin IPv4 bai wuce adireshi biliyan 4.3 ba, kuma a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta rarraba ragowar da ke hannunta. Tun a 1996 takardar RFC 1918 ta tanadi rukunai uku domin amfanin gida: rukunin da ya fara da 10, mai adireshi 16,777,216, da na 172.16 zuwa 172.31, mai 1,048,576; sai na 192.168, mai 65,536. Kowa na iya amfani da su ba tare da neman izini ba.

Ma'aunin zaɓi shi ne sanin wanda zai nemi sabar. Idan ma'aikata ne kawai, kamar sabar da ke riƙe da bayanan albashi, adireshin gida ya wadatar. In ta buƙaci fita waje, sai dabarar NAT ta musanya adireshinta da na fili a bakin ƙofa. Amma sabar da ke karɓar wasiƙu daga waje tilas ne a same ta ta adireshin fili, ko dai nata na kanta ko na na'urar da ke miƙa mata saƙo.

Sai dai adireshin gida yana da nasa cikas. Na farko, idan aka haɗe ma'aikatu biyu waɗanda duk suka ɗauki 192.168.1.0, adireshinsu zai yi karo, har sai ɗaya ta sake lambobinta. Saboda haka ya fi dacewa a zaɓi wani yanki na rukunin 10 da ba a cika amfani da shi ba. Na biyu, adireshin gida ba tsaro ba ne. Da zarar maƙetaci ya mamaye kwamfuta ɗaya a ciki, to yana iya isa ga sabar kai tsaye. Don haka kowane iri aka zaɓa, wajibi ne a girka katangar tsaro mai tantance wanda zai shiga.