IN ZA KI ZIYARA, KI GA DANGI KI GA ƘASA

'Yan'uwana mata, hutun makaranta ya ƙarato, kuma na san da yawa daga cikinku suna shirin kai yara ganin dangi. Madalla, domin zumunta a ƙafa take, gaisuwar waya ba ta maye gurbin zama a tabarma ɗaya da tsohuwa. Amma ki duba yadda akasarinmu muke yin ziyarar. Mota ta sauke ki a ƙofar gida, ki shige ɗaki, ba za ki sake leƙowa ba sai ranar komawa. Yara maza su zaga gari, 'yan mata kuwa a bar su da wanke-wanke. Kwanan baya na tambayi 'yan ajina wa ta taɓa ganin giwa, sai kowa ta nuna mini hoton cikin littafi, alhali akwai waɗanda kakanninsu ke Bauchi.

To, bari in ɗauki hanyar Kano zuwa Bauchi ta zama misali, watau tafiyar kimanin kilomita 300. Da kin bar Kano za ki haye gadar Wudil. Ki tashi yara daga barci su ga kogin da masunta da jiragensu. In ranar Juma'a ce kuwa, kasuwar shanun garin tana ci.

Daga nan sai Birnin Kudu, cikin Jihar Jigawa. A duwatsun da ke gefen garin, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse. Abin mamaki, wasu shanun ba su da tozo, ba kamar waɗanda muka saba gani a ruga ba. Akwai kuma duwatsun da in an ƙwanƙwasa su suke ƙara kamar ƙararrawa. Tsayawar sa'a guda ta isa yarinya ta ga abin da ba za ta manta ba.

In kin ɗauki hanyar Ningi, za ki ga duwatsu sun jeru dama da hagu. Nan ne waɗansu malamai da suka baro ƙasar Kano a ƙarni na 19 suka sami mafaka, har suka kafa mulkinsu. A Bauchi kuwa, bayan an gaisa da dangi an huta gajiya, a kai yara kabarin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a Janairun 1966. Shi ma malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa.

Babbar ziyara ita ce ta dajin Yankari, a ƙasar Alkaleri, wanda nisansa daga Bauchi ya ɗan haura kilomita 100. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A ciki akwai giwaye da ɓauna da gwanki da dorina da kada. Lokacin rani ya fi dacewa, domin ciyawa ta bushe, dabbobi kuma suna taruwa a bakin kogin Gaji neman ruwa. Akwai kuma maɓuɓɓugar Wikki, inda ruwa garai-garai yake fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa, wajen digiri 31, ko da rani ko da hunturu. Sai dai ki riƙe ƙullin abincinki da kyau, don biran wurin ba su da kunya. Kada kuma ki bar yaro ya shiga ruwa ba babba a kusa.

Wata za ta ce, Malama, ina kuɗin? Gaskiya ne, abubuwa sun yi tsada. Amma kuɗin mota kin riga kin biya, kuma hawan dutse ko tsayawa bakin kogi ba ya cin ko kwabo. Abin da ke buƙatar kuɗi, kamar shiga Yankari, sai ki shawarci maigida tun da wuri, a riƙa ajiye kaɗan-kaɗan, ko ku haɗa kai da 'yan'uwan da kuka je wa a ɗauki mota guda. Kwasan adashi ɗaya da za a kashe wa anko ya isa.

Ga kuma abin da ya kamata ki kula da shi. Ki sanar da masu gida tun kafin ki taso, kada ki faɗo musu da yara shida ba shiri. A tambayi lafiyar hanya a tasha, a yi sammako, a guji tafiyar dare. Ki yi guzurinki a gida, dambun nama ko soyayyar kaza da ruwa mai tsabta, don abincin bakin hanya ya sha ɓata wa yara ciki. Tsaraba ba sai mai yawa ba: goro da sabulu da turare ga tsofaffi sun wadatar. Kada kuma yawon ganin ƙasa ya cinye ranakun dangi. Ki fara da gaida tsofaffi da marasa lafiya da gidajen da aka yi rashi, domin ba ki sani ba ko baɗi za ki tarar da su.

Ke kuma 'yar makaranta, ki tafi da littafi da fensir. Ki rubuta sunan kowane gari da kogi da kuka wuce. Da dare ki zauna kusa da kaka, ki tambaye ta sunayen iyayenta da inda suka fito, ki rubuta. Wannan labari ba ya cikin kowane littafin makaranta, in ta tafi ya tafi ke nan.

In ba Bauchi kika nufa ba, ba komai. Mai zuwa Zariya ga Dutsen Kufena, mai zuwa Daura ga rijiyar Kusugu, mai zuwa Katsina ga hasumiyar Gobarau. Gani ya kori ji. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.