Wayarka ce, amma wa ke riƙe da mukullinta?

Ɗan tsaya ka lissafa abin da ke cikin wayar da kake karanta wannan rubutu da ita. Hirarka da budurwa, hotunan bikin yayarka, manhajar banki, har da tambayoyin da ka yi wa Google cikin dare waɗanda kunya ba za ta bari ka yi wa likita ba. Ke kuma ’yar’uwa, duk lambobin kwastomomin da kike sayar wa turare da atamfa suna ciki. Ka sa lambar sirri, ka ce shi ke nan, ka kulle. To, ba kai kaɗai ke da hannu a ƙofar nan ba. Akwai kamfanonin da suka ƙera wayar da manhajojinta, akwai kuma gwamnatin da ke ba su izinin kasuwanci. An daɗe ana ja-in-ja tsakaninsu a kan mukullin, kuma ba kasafai ake neman ra’ayinka ba.

Rigimar da ta fi fito da wannan fili ta faru ne a Amurka. A Disambar 2015, wani mutum da matarsa suka buɗe wuta a garin San Bernardino na jihar Kalifoniya, suka kashe mutum 14. Hukumar FBI ta samu iPhone 5C ɗin da mijin ke amfani da ita, amma a kulle. Ita kuwa iPhone ana iya saita ta ta goge komai idan aka yi kuskuren lamba sau 10. A Fabrairun 2016 kotu ta umarci Apple ya haɗa wata manhaja ta musamman da za ta cire wannan kariya. Shugaban kamfanin, Tim Cook, ya fito da buɗaɗɗiyar wasiƙa ya ce ba za su yi ba. Hujjarsa ita ce, manhajar da za ta buɗe wannan waya za ta iya buɗe sauran irinta, kuma da zarar an ƙera ta babu tabbacin hannun da za ta faɗa. A watan Maris FBI ta samu wasu daga waje suka buɗe mata, ta janye ƙarar.

Kada ka yi saurin yi wa jami’an tsaro dariya. Mu da muka san yadda masu garkuwa da mutane ke cinikin kuɗin fansa ta waya, mun san bukatar ba shirme ba ce. Matsalar ita ce, ƙofar baya ba ta tambayar katin shaidar mai shiga.

Ba a yi nisa ba aka ga misali. Hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta gano wata ɓaraka a Windows, ta adana ta, ta mayar da ita makamin kutse mai suna EternalBlue. A Afrilun 2017 wasu ’yan kutse da ake kira Shadow Brokers suka watsa shi a intanet. Ranar 12 ga Mayu, 2017, cutar kwamfuta ta WannaCry ta yi amfani da shi ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, tana neman dala 300 na Bitcoin kafin ta sake su. A Ingila sai da asibitoci suka soke ganin marasa lafiya, aka riƙa karkatar da motocin asibiti. Idan mukulli ya suɓuce wa NSA da duk kuɗinta da ƙwararrunta, wace hukuma ce za ta rantse maka nata ba zai ɓace ba?

To, sai mu tafa wa kamfanoni ke nan? A’a wallahi. Apple ɗin nan da ya yi tsayin daka a gida, a 2017 ya cire manhajojin VPN daga rumbunsa na China saboda gwamnati ta buƙaci haka. A 2018 kuma ya miƙa ajiyar bayanan iCloud na mutanen ƙasar ga wani kamfani mallakar gwamnatin lardin Guizhou. Inda kasuwa ta yi girma, murya takan yi ƙasa.

Facebook fa? A 2018 aka bankaɗo yadda kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan mutanen da yawansu zai iya kai miliyan 87, ta hanyar wata ’yar manhajar amsa tambayoyi, irin wadda muke dannawa don nishaɗi. A 2019 Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Mu ma nan gida, a Yulin 2024 hukumar FCCPC ta ci Meta, mamallakin Facebook da Instagram da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan ’yan Najeriya. Ka buɗe shafi kyauta, haka ne, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Da lokacinka da bayananka kake biya, su ake juyawa su zama kuɗin talla.

Idan ɓangarorin biyu suka yi karo kuwa, mun ga wanda ke kwana ciki. A farkon Yunin 2021 Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari. Ranar 4 ga watan gwamnati ta sanar da dakatar da Twitter a Najeriya, kuma abin dariya, a Twitter ɗin aka sanar. Ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu, 2022, bayan kwana 222. Daga baya, a Yulin 2022, kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa wa ’yancin faɗin albarkacin baki. Duba da kyau: wani kamfani a San Francisco ya iya share maganar shugaban ƙasa, gwamnati kuma ta iya raba miliyoyin mutane da dandalin da umarni guda. Mai sayar da takalma a shafinsa da mai neman taimakon jini ga mara lafiya, babu wanda ya tambaye su.

Haka a Satumbar 2021, lokacin da aka katse sabis a Zamfara, sannan wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, don yaƙi da ’yan bindiga. Mutane da dama sun goyi baya saboda sun gaji da zubar da jini. Amma masu POS sun zauna babu ciniki, wasu sai sun yi doguwar tafiya kafin su ji muryar iyayensu a waya. Ko kana ganin matakin ya dace, kana da haƙƙin tambaya: wa ya ba da izini, har zuwa yaushe, kuma me aka cimma?

Abin da nake so ka ɗauka ke nan. Wannan ba wasan Barcelona da Madrid ba ne da za ka zaɓi ɓangare ka yi ta ihu. Duk wanda ya ce ka ba shi mukulli don amfaninka, gwamnati ce ko kamfani, ka tambayi wanda ke sa masa ido. Akwai umarnin kotu? Akwai wa’adi? Ina za ka kai ƙara? Dokar kare bayanan jama’a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba ka damar sanin abin da aka tara a kanka, da neman a gyara ko a goge, da kai koke hukumar NDPC. Haƙƙin da ba a nema kuwa, a takarda yake tsufa.

Akwai kuma ɓangaren mukullin da ke hannunka tun yanzu. Idan waya ta ce ka sabunta ta, ka daure ka sa data. Microsoft ya toshe ɓarakar WannaCry tun watan Maris na 2017, waɗanda ba su sabunta ba ne suka shiga uku. Ka kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp da imel ɗinka. Lambobi shidan nan da ake turo maka, kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce daga gurup ɗin ajinku yake kira. Ka sa wa layinka PIN, domin ɓarawon waya yanzu layin yake nema don ya kai ga asusunka. Manhajar tocila ko ta bashi da ke neman shiga lambobin mutanenka da hotunanka, ka tambayi kanka me za ta yi da su. VPN na kyauta ma ba waliyyi ba ne, duk zirga-zirgarka ta hannunsa take bi.

Ke mai sana’a a Instagram ko TikTok, ki ajiye lambobin kwastomominki a wani wuri daban, ko da littafi ne. Shagon da kike ciki na haya ne, kuma mai shagon ko hukuma na iya sa masa kwaɗo ba tare da sallama ba.