Cikin da ake ɓoyewa da gishirin da ake zubawa a miya

A Safo, kamar sauran garuruwan karkarar Madarunfa, mace ba ta faɗin cikinta da baki. Sai ya fito, zane ya kasa rufa masa asiri, sannan uwar miji ta ce a je awo. Idan na fari ne kuwa, kunya takan kai shi wata biyar ko shida kafin ma'aikaciyar likita ta ɗora masa hannu. Kunya ado ce, babu mai musu. Sai dai a watannin nan da ake ɓoyo ne ake gina ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki, kuma kayan ginin daga wuyan uwarsa suke fitowa.

A gaban maƙogwaro akwai wata ƴar tsoka da likitoci ke kira tiroyid. Tana cikin gaɓoɓin da ke tsattsafo sinadarai kai tsaye cikin jini, su kuma su tsara zafin jiki, bugun zuciya, girma da haihuwa. Tiroyid ba ta iya aikinta sai da aidin, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci. In ta rasa shi sai ta yi ta kumbura don neman ɗan abin da ya rage a jini, wannan kumburin shi ne maƙoƙo. Ɗan tayi ba ya fara sarrafa nasa sinadarin tiroyid sai wajen mako na 12, kuma yana dogara da na uwa har kusan tsakiyar ciki. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana, mai ciki kuwa 250. Ƙarancinsa kan jawo ɓari da haihuwar gawa, in ya tsananta a haifi yaro kurma ko mai raunin ƙwaƙwalwa. Mafi yawa dai yaron yakan fito lafiya a ido, sai an kai shi makaranta a ga karatu ba ya zama, a ce masa daƙiƙi, alhali laifin ba nasa ba ne.

Ƙasarmu Nijar tana nesa da teku, abin da muke nomawa ba shi da aidin sosai. Bincike a Darfur ta Sudan ya kuma nuna cewa gero, idan shi ne ci da sha kuma aidin ya yi ƙaranci, yana ƙara wa tiroyid nauyi. Ba wanda zai raba mutumin Maraɗi da fura, ba kuma a nemi hakan ba. Gyaran a gishiri yake. Tun shekarun 1990 Nijar da Nijeriya suka wajabta sa aidin a gishirin ci, amma aidin yana tashi idan gishiri ya sha rana da danshi. Wanda aka baza a faranti a kasuwa tun safe, da na gargajiya irin kantun Bilma, ba abin da mai ciki za ta dogara da su ba ne. A sayi na leda mai alamar aidin, a zuba a gwangwani mai murfi, a ajiye nesa da murhu. Kuma kada a ji haka a ce a ƙara yawan gishiri. Wannan hanyar hawan jini ce.

Akwai kuma ciwon sukarin da ciki ke tayarwa, domin mabiyiya tana fitar da sinadaran da ke rage ƙarfin insulin, mai daidaita sukarin jini. Ana gwada shi tsakanin mako na 24 da 28. Jaririn da ya haura kilo 4, wanda ƴan barka ke yaba ƙibarsa, wani lokaci alamar ciwon ne, kuma irinsa ne kafaɗarsa ta fi saurin maƙalewa wajen fita.

Abin da aka fi jahilta yana zuwa ne bayan haihuwa. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata ƙwaya kamar ta wake, fituwitari, wadda ke ba sauran gaɓoɓin umarni. Tana ƙara girma a lokacin ciki, don haka tana buƙatar jini da yawa. Idan mace ta zubar da jini har ta galabaita, wani sashe na ƙwayar kan mutu. Likitan Ingila Harold Sheehan ne ya bayyana wannan a 1937. Mai jegon nan nono ba ya zuwa mata, al'ada ba ta dawowa, gashin hammata ya zube, ga kasala da jin sanyi ko da bazara. A gida sai a ce iska ce, ko sammu, ko lalaci. Wata takan yi shekaru a haka. Rigakafin shi ne hana zubar jinin. Allurar oksitosin da ake yi wa mace da zarar jariri ya fito tana matse mahaifa ta tsayar da jini, kuma ungozomar gida, duk gwanintarta, ba ta da jinin ƙari in abu ya ɓaci.

A tsakanin 2005 da 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa da awon ciki a matsayin kyauta, ko da yake wani lokaci magani kan yanke sai an saya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tun 2016 take ba da shawarar zuwa awo sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Daga likitar Safo ana iya tura mace asibitin Madarunfa ko cibiyar kula da uwa da yaro ta Maraɗi. Malam mai gida, kai ne za ka iya kai matarka a wata na biyu ba tare da unguwa ta ji ba.

Wadda kuma ta daɗe da rasa nono da al'ada, in ta je gaban likita ta gaya masa a wace haihuwa ta zubar da jini, ko da an yi shekara goma. Da wannan bayanin zai san gwajin da zai nema, kuma akwai ƙwayoyin da ke maye sinadaran da jikinta ya daina yi, ana shan su kullum har ƙarshen rayuwa.